Lamba mai alƙaluma miliyan 41: yaya aka san ba ta rabuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce an gano wata lamba mai alƙaluma sama da miliyan 41, wai ita ce mafi girma a cikin lambobin da ba sa rabuwa. Abin ya ɗaure mini kai. Lambar da ba wanda zai iya karanta ta har ƙarshe, ta yaya za a ce an tabbatar babu abin da ke raba ta? Gwada ta aka yi da kowace lamba ɗaya bayan ɗaya? Kuma ban da girmanta, akwai wani abu da aka sani game da ita, ko dai tarin alƙaluma ne kawai? Ni ɗalibi ne, amma ba lissafi nake karantawa ba, don haka a sassauta mini."

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: me za a iya sani game da lambar da ido ba zai iya kewaye ta ba, sannan wace hujja ce ta sa aka amince cewa ba ta rabuwa, tunda gwaji ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba. Zan bi su a jere, amma sai ka ɗauko biro da takarda, domin rabin amsar da hannunka za ka fitar da ita.

Lambar da kake nufi ita ce 2^136,279,841 − 1. Wato ka jera 2 har guda 136,279,841, ka ninka su duka, sannan ka debe ɗaya. Wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, shi ya gano ta a watan Oktoba na 2024, a ƙarƙashin wani shirin 'yan sa-kai mai suna GIMPS wanda George Woltman ya kafa a 1996. Alƙalumanta 41,024,320 ne cif. Wanda zai karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya shafe wajen kwana 475. Wadda take kan gaba kafin ita, 2^82,589,933 − 1, da aka gano a Disambar 2018, alƙalumanta 24,862,048 ne.

Akwai gyara ɗaya a yadda labarin ya iso maka. Lamba gagara-raba, wato wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, ba ta da babba ta ƙarshe. Iƙlidis, masanin nan na Girka da ya zauna a Iskandariya, ya kafa hujjar haka sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Ya ce ka kawo duk gagara-raba da kake da su, ka ninka su, ka ƙara ɗaya. Sakamakon ba zai rabu da ko ɗaya daga cikinsu ba, domin kullum saura ɗaya zai rage. To ko dai shi kansa sabon gagara-raba ne, ko kuma akwai wani sabo da ke raba shi. Gwada 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1, za ka sami 30,031, wanda shi ne 59 × 509, ga baƙi biyu sun fito da ba sa cikin jerinka. Don haka lambar Durant ita ce mafi girma da aka sani, ba mafi girma da ke akwai ba. Hasali ma an tabbatar tun ƙarni na 19 cewa tsakanin kowace lamba da ta wuce 1 da ninkinta akwai aƙalla gagara-raba guda. Ke nan tsakanin wannan lamba da ninkinta akwai wadda ta fi ta, tana nan, ba a dai kama ta ba.

Abin da za ka iya fitarwa da hannunka

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, waɗannan alƙaluma miliyan 41 su ne mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da aka sani game da lambar. Ba a cikinsu ake karanta halinta ba. A ƙirarta ake karanta shi, wato wannan gajeren rubutu na 2 da lambar samanta da debe ɗaya.

Fara da alƙalamin ƙarshe. Rubuta riɓin 2 a jere: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512. Dubi wutsiyar kowacce: 2, 4, 8, 6, sannan 2, 4, 8, 6, haka za ta yi ta juyawa huɗu-huɗu har abada. Abin da ya rage shi ne ka san a ina 136,279,841 ta faɗo a cikin wannan zagaye. Raba ta da 4, saura 1. Ke nan ta faɗo a matsayi na farko, mai ƙarewa da 2. Debe ɗaya, lambar ta ƙare da 1. Ka ga ka san alƙalami na 41,024,320 ba tare da ka ga ko ɗaya daga cikin na gabansa ba. Alƙaluma uku na ƙarshe su ma suna juyawa, amma ɗari-ɗari. Lambar saman ta ƙare da 41, kuma 2^41 ita ce 2,199,023,255,552, mai wutsiyar 552. Debe ɗaya, 551. In ka sauko da lambar daga intanet ka gangara can ƙasa, 551 za ka tarar.

Wannan shi ake kira lissafin saura, kuma kowa na yin sa ko bai san sunansa ba. In yau Juma'a ce aka ce maka wace rana ce bayan kwana 1,000, ba za ka zauna ƙirga kwanaki ba. Za ka zubar da makonni cikakku, ka ga saura 6, ka ce Alhamis. To a yi wa wannan ƙatuwar lamba irin tambayar. Saurar riɓin 2 in an raba da 7 tana juyawa uku-uku: 2, 4, 1. Lambar saman in an raba ta da 3 saura 2, ke nan matsayi na biyu, wato 4. Debe ɗaya, 3. Kwana uku bayan Juma'a, Litinin. A nan ma ka tabbatar da wani abu da kanka: 7 ba ta raba ta, tunda ta bar saura 3. Haka za ka iya nuna cewa da 3 saura 1, da 5 saura 1, da 9 saura 4. Wannan na ƙarshe yana nufin in wani ya tattara alƙaluman nan miliyan 41 ya haɗa su, ya sake haɗa alƙaluman jimlar, ya yi ta yi har ya rage guda ɗaya, 4 zai samu.

Yawan alƙaluman fa, ƙirga su aka yi? Ba sai an ƙirga ba. 2^10 ita ce 1,024, ɗan sama da dubu, don haka duk riɓi goma yana ƙara kusan alƙaluma uku. Ainihin abin da kowane riɓi ke ƙarawa shi ne logaridim ɗin 2, wato 0.30102999566. Ninka shi da 136,279,841, za ka sami kusan 41,024,319.945. Ɗauki cikakkiyar lambar ka ƙara ɗaya: 41,024,320. A nan ɗalibaina ke yawan zamewa, kuma ina barin su su zame da gangan. Wanda ya ɗauko 0.3010 daga teburin da aka saba da shi a sakandare zai yi kuskuren alƙaluma wajen dubu huɗu. Wanda ya yi amfani da 0.30103, yana ganin ya yi taka-tsantsan, zai sami 41,024,321, ya zarce da ɗaya. Ƙaramin yankewar da ba ta da illa a lissafin yau da kullum, in aka ninka ta sau miliyan 136 sai ta zama ɓarna. Wannan guntun .945 kuma ba shara ba ne: shi ke gaya maka farkon lambar, domin 10^0.945 kusan 8.81 ne. Lambar ta fara da 881.

Sai siffarta a wurin kwamfuta, wadda ke rubuta komai da 0 da 1. A can babu wani hargitsi ko kaɗan. 3 ita ce 11, 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111. Lambar tamu kuwa 1 ce guda 136,279,841 a jere, babu sifili ko ɗaya. Hargitsin da muke gani a alƙaluma miliyan 41 ya samo asali ne daga ƙirgarmu ta goma-goma, ba daga lambar ba.

Me ya sa ba a gwada ɗaya bayan ɗaya

Don ka tabbatar 97 ba ta rabuwa, ya isa ka gwada 2, 3, 5, 7 ka tsaya, domin in lamba tana rabuwa, ɗaya daga cikin masu raba ta ba zai wuce saiwarta ba, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita. Ga ƙananan lambobi wannan ya wadatar. Amma saiwar lambar Durant ita kanta tana da alƙaluma sama da miliyan 20. Ƙiyasin masana na yawan ƙwayoyin zarra a duk sararin samaniyar da ake iya hangowa lamba ce mai alƙaluma wajen 80. Ba miliyan 80 ba, 80 kacal. Ko da kowace ƙwayar zarra kwamfuta ce, suna aiki tun farkon duniya, ba su ko fara ba. Wannan hanya a rufe take, kuma ba saurin inji ne zai buɗe ta ba.

Abin da ya buɗe hanya shi ne ƙirar 2^p − 1, inda p ke tsaye a madadin lambar sama. Irin waɗannan lambobi tsofaffi ne a wurin masana. Ibn Khallikan, a ƙarni na 13, ya kawo labarin mai hikimar da ya roƙi sarki ladan ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon shaɗaranji, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana riɓanyawa har gida na 64. Jimlar ita ce 2^64 − 1, wato 18,446,744,073,709,551,615. Ita wannan tana rabuwa sosai: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Dalili kuwa, 64 da ke samanta tana rabuwa. Dubi 111111 a ƙirgarmu ta yau da kullum. Tunda 1 guda shida ne, za ka iya yanka su biyu-biyu ko uku-uku, shi ya sa ta zama 11 × 10101, ta kuma zama 111 × 1001. Haka abin yake a ƙirgar kwamfuta. Muddin lambar sama tana rabuwa, to 2^p − 1 ma tana rabuwa. Sharaɗin farko ke nan: dole lambar sama ta zama gagara-raba, kuma 136,279,841 ta cika shi.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba, domin sharaɗin bai isa ba. 11 gagara-raba ce, amma 2^11 − 1 = 2,047 = 23 × 89. Lura da waɗannan biyun: 23 ita ce 2 × 11 + 1, 89 kuma 8 × 11 + 1. Ba dace ba ne. Tun zamanin Fermat, masanin lissafin Faransa na ƙarni na 17, aka san cewa in p gagara-raba ce da ta wuce 2, duk abin da zai raba 2^p − 1 dole ya zama wani ninki na 2p da ƙarin ɗaya. Ga lambarmu, wannan na nufin babu wata lamba ƙasa da 272,559,683 da za ta iya raba ta, sai 1. Da jimla ɗaya an share lambobi sama da miliyan 272. Masu neman irin waɗannan lambobi da wannan rariyar suke farawa, suna zubar da masu ƙananan marabai, wato waɗanda ƙananan lambobi ke raba su, kafin a shiga gwaji mai tsada.

Sunan da aka laƙaba wa wannan dangi na Marin Mersenne ne, wani malamin coci Bafaranshe. A 1644 ya wallafa cewa 2^p − 1 ba ta rabuwa in p ta kasance 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 ko 257, kuma duk sauran da ke ƙasa da 257 suna rabuwa. Ya yi kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ba shi da komai sai alƙalami da tawada. Sai a 1772 Leonhard Euler ya tabbatar da ta 31, wato 2,147,483,647. Ta 67 kuwa sai a 1903 Frank Nelson Cole ya tashi a taron masana lissafi a New York, ya rubuta 193,707,721 × 761,838,257,287 a allo, ya ninka da hannu, amsar ta fito daidai da 2^67 − 1.

Gwajin da ke yanke hukunci

Édouard Lucas, shi ma Bafaranshe, ya fito da dabarar a 1876, ya yi amfani da ita ya tabbatar da 2^127 − 1 mai alƙaluma 39, kuma har yau ita ce gagara-raba mafi girma da aka tabbatar ba da inji ba. Derrick Lehmer na Amurka ya gyara ta a 1930 ta koma yadda ake amfani da ita yanzu. Sauƙinta har yana sa mutum shakka. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka debe 2. Ka raba da lambar da kake gwadawa, ka riƙe saura kawai. Ka maimaita da wannan saurar. In lambar sama p ce, sau p − 2 za ka yi. In ka ƙare da sifili, lambar ba ta rabuwa. In ka ƙare da wani abu dabam, tana rabuwa. Babu "wataƙila" a ciki.

Mu gwada da 31, wadda ita ce 2^5 − 1, mataki uku ke nan. 4 × 4 − 2 = 14. 14 × 14 − 2 = 194, a raba da 31 saura 8. 8 × 8 − 2 = 62, a raba da 31 saura 0. Ta ci. Ga 127, wato 2^7 − 1, mataki biyar: 14, 67, 42, 111, 0. Ita ma ta ci. Ga 2,047 da muka san tana rabuwa, mataki tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Ba ta sauka a sifili ba, ta faɗi.

Dubi abin da ya faru da 2,047. Gwajin ya ce tana rabuwa, amma bai ambaci 23 ko 89 ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki duk shekarar da na koyar da shi: ana iya sanin lamba tana rabuwa ba tare da an san mai raba ta ba, ana kuma iya sanin ba ta rabuwa ba tare da an gwada raba ta da kowa ba. Lucas ya san 2^67 − 1 tana rabuwa tun 1876, shekara 27 kafin Cole ya nemo waɗanda ke raba ta. Yau ma akwai tarin lambobin Mersenne da aka tabbatar suna rabuwa amma ba a taɓa ganin marabinsu ko ɗaya ba.

Me ya sa gwajin ke aiki? Cikakkiyar hujjar ba za ta shiga wannan amsa ba, tana buƙatar darasin makonni. Amma ga ƙashin bayanta. Jerin 4, 14, 194 ya fito ne daga ninka 2 + √3 da kanta a kai a kai. Sauka a sifili a daidai mataki na p − 2 yana nuna cewa wannan ninkawa tana yin zagaye mai tsawon 2^p cif kafin ta dawo inda ta fara. Da lambar tana da wani ƙaramin marabi, filin da ake zagayen a ciki zai yi ƙanƙanta da ɗaukar zagaye mai wannan tsawo. Abin da ya sa dabarar ta dace da wannan dangi kaɗai shi ne, in ka ƙara wa lambar ɗaya za ka sami riɓin 2 zalla. Wata lamba mai alƙaluma miliyan 41 da aka tsinto haka kawai ba ta da wannan gata, kuma babu inji a duniya yau da zai iya tabbatar da ita. Shi ya sa kusan kullum 'yar gidan Mersenne ce ke riƙe da kambu. Ba don su ne suka fi yawa ba. A wannan yanki na lambobi, kusan ɗaya a cikin kowace miliyan 94 gagara-raba ce, ke nan waɗanda ke ƙasa da lambar Durant da ba a taɓa gani ba sun fi ƙarfin ƙirga.

Ga lambar tamu, mataki 136,279,839 ake buƙata, kowane mataki kuma ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 ne da kanta. Da ninkawar da aka koya mana a firamare za a yi, mataki ɗaya kaɗai zai ci ƙananan ninki sama da tiriliyan 1,600. Abu biyu suka ceci aikin. Na farko wata hanyar ninkawa ce mai sauri da aka gina a kan lissafin Fourier, wadda Richard Crandall da Barry Fagin suka daidaita ta da lambobin Mersenne a 1994. Na biyu, neman saura a nan kusan kyauta ne. In kana son saurar 123,456 da 999, ba sai ka raba ba: yanka ta uku-uku ka haɗa, 123 + 456 = 579, saurar ke nan. Jerin 1 zalla a wurin kwamfuta daidai yake da jerin 9 zalla a wurinmu, don haka yanka da haɗawa kawai take yi.

Akwai inda shakkarka take da gurbi. Hujjar lissafin ba ta kuskure, amma inji yana yi. Zafi ko raunin ma'ajiya na iya juya 0 guda ta koma 1 a tsakiyar aiki, daga nan duk abin da ya biyo baya ya lalace. Saboda haka ba a karɓar sakamako daga inji ɗaya. A yanzu GIMPS tana fara yin wani gwaji na Fermat da lamba 3, domin yana da hanyar kama kuskure tun ana cikin aiki. Shi wannan gwajin yana iya ruɗuwa, misali 91 tana tsallake shi alhali 7 × 13 ce, don haka cin sa alama ce mai ƙarfi, ba hukunci ba. Wani inji a Dublin ta ƙasar Ailan ne ya ba da wannan alama ranar 11 ga Oktoba, 2024. Washegari wani a San Antonio ta jihar Texas ya kammala gwajin Lucas da Lehmer ya sauka a sifili. Sannan wasu mutane suka maimaita a kan injuna dabam da manhajoji dabam kafin a sanar ranar 21 ga wata. Ni ban maimaita wannan gwaji ba, ba ni da injin da zai ɗauka. Iyakar abin da nake yi da ɗalibai shi ne mu rubuta shirin a layi biyar ko shida na yaren kwamfuta Python, mu ga ƙaramar kwamfuta ta sake fito da 521, 607, 1279, 2203 da 2281, waɗanda Raphael Robinson ya gano a 1952 da injin SWAC, karo na farko da kwamfuta ta yi nasara a wannan farauta. Amma na amince da sakamakon, kuma dalilina shi ne kuskuren inji yana kai mutum ga tarkacen lamba ne, ba ga sifili ba. Injuna da dama su yi kuskure dabam-dabam kuma duk su sauka a sifili, a cikin saura masu yawan da ya kai girman lambar kanta, abu ne da hankali ba zai ɗauka ba.

'Yar rakiyarta, da abin da ya rage a rufe

Kowace gagara-raba ta Mersenne tana tafe da cikakkiyar lamba, wato wadda in ka haɗa duk masu raba ta, ban da ita kanta, za su ba ka ita. 6 = 1 + 2 + 3. 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Sai 496, sai 8,128. Iƙlidis ya nuna cewa in 2^p − 1 ba ta rabuwa, to ninka ta da 2^(p − 1) yana ba da cikakkiya: 3 × 2 = 6, 7 × 4 = 28, 31 × 16 = 496, 127 × 64 = 8,128. Ibnul Haisam, masanin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi ƙoƙarin nuna cewa babu wata cikakkiya mai rabuwa da 2 sai ta wannan hanya, Euler ne ya kammala hujjar ƙarnuka bayansa. Don haka ranar da aka gano lambar Durant an sami cikakkiyar lamba ta 52, mai alƙaluma 82,048,640, kuma da dabarar wutsiya da ka koya a sama za ka ga da 6 ta ƙare.

Da na ce ta 52, ina nufin a cikin waɗanda aka sani. Ba a gama sake tabbatar da gwajin duk lambobin saman da ke ƙasa da 136,279,841 ba, kuma an taɓa yin tsallake: bayan an gano ta 43,112,609 a Agustan 2008, sai ga ta 37,156,667 a watan da ya biyo, sai ta 42,643,801 a 2009, duka biyun ƙanana da ita. Har yau kuma babu wanda ya kafa hujjar cewa gagara-raba na gidan Mersenne ba su da iyaka, ko da yake yawancin masana sun karkata ga haka. Babu kuma wanda ya taɓa ganin cikakkiyar lamba mara, wato wadda 2 ba ta raba ta, babu kuma wanda ya nuna ba za a samu ba. Abin da aka tabbatar shi ne in tana nan, ta wuce 10^1500.

Ba ka tambayi amfaninta ba, amma na san za a tambaye ka. Kada ka yarda da masu cewa da ita ake tsare asusun banki. Makullan sirri irin na RSA suna amfani da gagara-raba masu alƙaluma wajen 300, kuma amfaninsu yana cikin ɓoyuwarsu, ita kuwa wannan duniya duka ta san ta. Ƙannenta dai suna aiki. 2^19937 − 1 ita ce ginshiƙin wata hanyar fitar da lambobin ƙuri'a da Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura na Japan suka ƙirƙiro a 1997, wadda Python ke amfani da ita. Manhajar farautar kanta, Prime95, masu haɗa kwamfuta suna gwada juriyar inji da ita, har ta tono wani aibu a wasu na'urorin Intel a 2016. Ita babbar kuwa, a ganina, ba ta da wani aiki a yau da ya wuce a san ta, kuma ban ɗauki hakan a matsayin naƙasu ba. Akwai dai ladan dala 150,000 da ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta ajiye wa wanda ya fara gano mai alƙaluma miliyan 100.

In sha'awa ta ja ka, manhajar kyauta ce, kowa na iya shiga. Sai dai gwaji ɗaya a wannan girma yana iya cin makonni ko watanni a kwamfutar gida tana aiki dare da rana, ga zafi ga kuɗin wuta, shi kuwa Durant dubban injuna ya yi haya a ƙasashe 17. Shawarata ka fara da 2^13 − 1, wato 8,191, da kalkuletar wayarka. Mataki 11 ne. In ka ga 4,870 a mataki na uku, 36 a na bakwai, 128 a na goma, kana kan hanya, na sha ɗayan kuma kai za ka gaya mini abin da ya fito.